FASHIN BAƘI: Abin da ke faruwa idan agogon alfarma zai bar hannun mai shi a Zariya

Idan matsi ya kai magidanci ga sayar da kadara a Zariya, yawanci ya san inda zai dosa. Fili yana da dillalansa, kuma maƙwabta sun san nawa aka sayar da na kusa da shi. Mota tana da masu taya ta tun kafin a liƙa mata takarda. Zinaren mata kuwa awo ake yi, a duba farashin giram na ranar, a biya. Agogon hannu mai tsada ne kaɗai ba shi da wannan gata. Mai shi na iya ɗaukar sa daga Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila ya shiga Sabon Gari, ya nuna wa mutum uku, ya ji tayi uku da babu wanda ya yi kusa da ɗan'uwansa. Wani zai taya kuɗin buhun masara, wani ya taya kuɗin tsohuwar mota, kuma duka biyun suna iya kasancewa da hujjarsu.

Batun ya taso ne saboda shekarun baya-bayan nan sun fito da kayan da aka daɗe da adanawa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, kuma gwamnati ta riƙe albashin waɗannan watanni. Samaru gari ne da ke numfashi da albashin Jami'ar Ahmadu Bello, saboda haka kowa ya ji a jikinsa, daga farfesa har mai shayi. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar wannan shekarar. A irin wannan yanayi ne kuɗin asibiti, ko na makarantar yara, ko rufin gidan da za a koma bayan ritaya, ke sa mutum ya buɗe durowa ya dubi agogon da ya yi alkawarin ba zai taɓa rabuwa da shi ba.

Yadda agogo ya zama kayan ado a Zazzau

Kalmar kanta baƙuwa ce. Daga Yarabanci Hausa ta aro "agogo", inda asalinta ke nufin ƙararrawa, kuma har yau idan Bahaushe zai faɗi lokaci yakan ce "ƙarfe" kaza, wato adadin bugun da aka yi wa ƙarfe. A Zariya jirgin ƙasa ne ya fara tilasta wa mutane kula da minti. Layin dogo ya iso a 1911, Sabon Gari kuma ta tashi a gefen tasha domin ma'aikatan jirgi, akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a wajen, har sunan ɗayansu, Paterson Zochonis, ya zama sunan unguwar PZ. A 1919 aka ɗora Najeriya kan lokacin da take amfani da shi har yau, awa ɗaya gaba da na Girinwic. Mai agogo a hannu a wancan zamani mutum ne da jirgi ko ofis ke jira.

Samaru ta zo da nata salon bayan buɗe jami'a a Oktoban 1962. Malaman da aka tura ƙaro ilimi Ingila da Amurka sun dawo da digiri, da yawansu kuma da agogo. Sai garaɓasar Udoji ta farkon 1975, lokacin da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi haɗe da bashin watanni a dunƙule. A wajajen 1980 naira ɗaya na sayen kusan dala biyu, saboda haka agogon Suwizalan bai fi ƙarfin babban malami ko hafsan soja ba. Alhazai su ma suna dawowa da nasu daga kantunan Makka da Jidda a matsayin tsaraba. Wannan ƙofa ta rufu daga 1986, sa'ad da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya naira. Mafi yawan agogunan ƙwarai da ke kwance a gidajen tsofaffin ma'aikata na Samaru an saye su ne a cikin wannan tazara ta kimanin shekara ashirin.

Ba kowane tsohon agogo ne dukiya ba

Nan ne mai sayarwa kan fara cin karo da gaskiya mai ɗaci. Agogon da ya fi kowanne kwarjini a idon Bahaushe na wancan lokaci shi ne Rado, musamman samfurin DiaStar da ya fito a 1962, mai faffaɗar fuska da launin zinare da ba ya ƙarzuwa. Amma jikinsa ba zinare ba ne, wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da aka yi wa launi, kuma an ƙera shi da yawan gaske. A kasuwar duniya tsohon DiaStar yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne. Seiko 5 na Japan, wanda ya fito a 1963, agogo ne mai juriya da ya yi wa ma'aikata hidima shekara da shekaru, sai dai farashinsa na hannu bai kai ko na Rado ba. Wanda ya kai ɗaya daga cikin waɗannan kasuwa yana tsammanin miliyoyi zai dawo da ɓacin rai, alhali mai tayin bai cuce shi ba.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi ciwo. Rolex na farin ƙarfe, marar ƙyalli, mai gilashi da ya dushe, wanda yaran gida ke gani kamar tarkacen Baba, na iya kai dubban daloli. Haka wasu samfuran Omega. Ido ba ya raba su da na banza, sai lambar samfuri da ke jikinsu.

Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin sana'ar. A Disambar 1969 kamfanin Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz, wanda ke girgiza dubban sau a daƙiƙa ɗaya, ya kuma fi agogon wani daidaito nesa ba kusa ba. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan masana'antar agogo ta Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 zuwa kusan 30,000. Kamfanonin da suka tsira sun daina gasar nuna lokaci, suka koma sayar da suna da aikin hannu da ƙarancin kaya. Casio na roba da ake sayarwa a kan tebur a kasuwar Samaru ya fi Rolex riƙe lokaci, wayar salula kuma ta fi su duka. Saboda haka mai sayen agogon alfarma ba lokaci yake saye ba. Yana biyan kuɗin suna ne, da kuɗin tabbacin cewa abin da ke hannunsa shi ne ainihin abin da sunan ya faɗa.

Labaran gwanjon ƙasashen waje sun ƙara rikita lissafi. A 2017 an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman dala miliyan 17.8 a birnin New York. A shekarar ce kuma kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da Patek Philippe da ya taɓa zama na Sarkin Habasha Haile Selassie kusan dala miliyan 2.9 a Geneva, bayan an janye shi daga gwanjo a 2015 saboda taƙaddama kan wanda ya mallake shi. Waɗannan kuɗi na tarihin masu agogon ne da takardun da suka tabbatar da shi. Darasin da ya shafi Zariya a labarin na biyu shi ne cewa ko agogon sarki bai sayu ba sai da aka warware maganar mallaka.

Farashin dala, aljihun naira

Agogon alfarma kaya ne da ake yi wa farashi a Geneva, Landan, Dubai da Hong Kong, ko da kuwa a Hayin Dogo yake kwance. A farkon 2022 farashin na hannu ya kai ƙololuwa a duniya, sannan ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekaru biyun da suka biyo baya, lokacin da bankunan Amurka da Turai suka ɗaga kuɗin ruwa, masu saye don riba suka janye. Sai dai faɗuwar naira ta fi wannan zurfi, saboda haka a lissafin gida farashi hawa ya yi.

A ɗauki agogon da darajarsa dala 5,000 ce. A farkon 2023 wannan naira miliyan 2.3 ne a farashin gwamnati, ko kusan miliyan 3.7 a kasuwar 'yan canji. A kan 1,500 kuwa ya zama miliyan 7.5, wato sama da wata ɗari na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Mai agogon ya yi arziki a takarda. Matsalarsa ita ce faɗuwar nairar da ta ɗaga farashin agogonsa ita ce ta talauta duk wanda zai iya sayensa a Zariya. Mutanen da ke da miliyan bakwai ta ajiya, suke kuma son zuba ta a tsohon agogo, ba su da yawa a garin malamai da sojoji da manoma. Wanda zai saya yawanci ɗan kasuwa ne da zai wuce da shi Kano, Abuja ko Legas, inda wani zai sake wucewa da shi Dubai. Kowane hannu yana cire ribarsa da kuɗin hatsarin da ya ɗauka, kuma daga kuɗin mai agogo ake cirewa.

Abin da ke karya farashi: rashin tabbaci

Kasuwar Sabon Gari ba ta rasa masu gyaran agogo ba. Suna nan da akwatunansu na gilashi da ɗan madubin da ake maƙalawa a ido, wasu sun gaji sana'ar ne daga iyaye, kuma aikin canza batir, gilashi da maɗauri, ko tayar da Seiko da ya yi shekara goma a kwance, ba ya gagarar su. Tabbatar da sahihancin agogon miliyoyi wani aiki ne daban. Yana buƙatar makullin buɗe bayan Rolex na musamman, da na'urar sauraren bugun inji, da kuma sanin yadda kowane samfuri yake a kowace shekara. Kamfanin Polo Luxury ne wakilin Rolex a Najeriya, kuma a Legas da Abuja yake.

Jabu kuwa ya wuce inda aka san shi. Suwizalan ta fitar da agogo miliyan 15 zuwa 17 a shekara daga 2021 zuwa 2024, ƙungiyar masana'antun agogonta kuma ta daɗe tana ƙiyasta cewa na jabu da ake ƙerawa sun kai miliyoyi gommai. A da ana gane jabu da rashin nauyi, ko da hannun daƙiƙa mai tsalle maimakon tafiya a hankali. Yanzu akwai jabun da ke da nauyin, da tafiyar, da gilashin kwanan wata mai ƙara girman lamba kamar na gaske, har da kwali da katin garanti na bogi. Kama da wane ba ta wane, amma sai an buɗe ciki ake ganewa.

Akwai kuma nau'in da ya fi yawa a tsofaffin agogunan gida, wato na haɗe-haɗe. Agogo ne na gaske da ya yi shekara arba'in yana zuwa wajen gyara. An canza masa fuska a 1988 saboda ruwa ya shiga, an sa masa hannaye na wani agogo, sarƙarsa ta asali ta tsinke aka maye ta da ta kasuwa, wataƙila ma wani mai gyara a wani gari ya cire wani abu daga injin ya sa wanda ya samu. Mai shi zai rantse cewa gangariya ne, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. A idon mai saye kuwa darajarsa ta ragu ƙwarai.

Tun da mai saye a Zariya ba shi da hanyar kawar da wannan shakka nan take, yana taya kowane agogo ne kamar mai matsala. Idan ya fito lafiyayye, ribar tasa ce. Wannan shi ne babban giɓin da ke tsakanin farashin intanet da tayin kasuwa, kuma mai agogo ne kaɗai zai iya rage shi, ta hanyar zuwa da hujja. A tsofaffin Rolex, idan aka cire sarƙa, ana ganin lambar samfuri a gefen ƙarfe sha biyu, lambar siriyal kuma a gefen ƙarfe shida. A sababbi, daga tsakiyar shekarun 2000, siriyal ɗin na zane a zoben ciki da ke kewaye da fuska. Da waɗannan lambobi ana iya duba shekarar ƙira da abin da aka sayar da irinsa, ba abin da masu talla ke nema ba. Rasit na asali, katin garanti, kwali, guntayen sarƙar da aka rage, takardar gyara, har tsohon hoton mai shi sanye da agogon a taron yaye ɗalibai, duk kuɗi ne. Tafiya Abuja don a duba agogo a ba da takarda tana da tsada, amma ga agogon da ya kai miliyoyi ita ce mafi arahar abin da mai shi zai kashe.

Wankin da ke cinye daraja

Al'adar kasuwa ita ce a gyara kaya kafin a kai shi. Ana wanke mota, ana yi wa gida fenti. A agogo wannan hankali yana jawo asara. Gogewa da inji don a fito da sheƙi tana cin ƙarfe, tana dusar da kaifin gefuna, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Masu tara tsofaffin agoguna sun fi son fuskar da ta dushe da kanta, da hannaye na asali ko da sun yi launin ƙasa, a kan sababbi masu ƙyalli. Fuskar da aka sake yi wa fenti na iya rage farashi fiye da duk wani ƙarzuwa.

Agogon da ya daɗe a ajiye ma ba a tilasta masa tafiya. Man da ke cikin injin ya bushe, robar da ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga ta tsage, wana shi da ƙarfi na iya karya abin da kayan gyaransa ba ya samuwa a ƙasar. Na batir kuwa, batirin da aka manta a ciki shekaru yakan yi yoyo ya cinye injin.

Dillali da jingina

Mai rabuwa da agogo a Samaru yana da wata damuwa da ba ta kuɗi ba. Gari ne da kowa ya san kowa, kuma agogon da aka san mutum da shi shekara talatin, idan aka gan shi a hannun wani, labari ya riga ya fita. Saboda sirri ne mutane ke miƙa wa dillali, kuma sirrin ne ke sa ba sa tambayar farashi a wuri biyu. Tsarin dillanci na Hausa a fili yake: dillali ya haɗa mai kaya da mai saye, a taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, a ba dillali la'ada. Inda ake samun ɓarna shi ne a ba shi agogo ya tafi da shi ba tare da an yanke farashi ko an rubuta komai ba. Daga nan mai kaya ba zai san nawa aka sayar ba, kuma idan aka dawo masa da shi aka ce bai sayu ba, ba shi da hanyar sanin ko injin da ya tafi shi ne ya dawo. Hoton ciki da waje da lambobi, da takarda mai shaidu, su ne maganin wannan.

Wasu kan zaɓi jingina don zuciya ta kasa sallamawa. Suna karɓar kuɗi kaɗan da niyyar fansa idan albashi ko fansho ya fito. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa ke bi, kayan jingina ba ya zama mallakin mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika. Sayar da shi ake yi, a biya bashi, a mayar wa mai shi ragowar. Sharaɗin cewa "in ba ka biya ran kaza ba ya zama nawa" ɓatacce ne, haka kuma mai ba da rance ba shi da damar ɗaura agogon yana yawo da shi, domin amfani ne da bashi ya jawo. A aikace dai jinginar baki da baki ita ce hanyar da ta fi saurin raba mutum da agogon miliyoyi a kan kuɗin da bai kai rubu'insa ba.

Inda doka ta shigo

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Faɗuwar naira ta jefa agoguna da yawa cikin wannan iyaka ba tare da masu su sun lura ba. Dillalan kayan ado da kayan alfarma suna cikin waɗanda dokar ta wajabta wa rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Hukumomi na sa ido a kan agogo saboda dukiya ce da ke wuce filin jirgin sama a wuyan hannu. A kayan adon da Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ƙwace a 2019 daga tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke, waɗanda aka ƙiyasta dala miliyan 40, akwai agogon hannu 189.

Biya ta banki yana da nasa tarko, wato alat na bogi. Saƙon waya ba shaida ba ne, sai mai sayarwa ya ga kuɗin a cikin asusunsa kafin agogo ya bar hannunsa. Mai saye shi ma yana da abin tsoro, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code ta Jihar Kaduna. Akwai kundin agogunan sata na duniya mai suna The Watch Register da ke Landan, inda ake bincika siriyal, kuma manyan dillalan waje suna dubawa. Takardar ciniki mai ɗauke da lambobin agogo, farashi, kwanan wata da sa hannun shaidu tana kare ɓangarorin biyu.

Zinare, zakka da gado

Agogon zinare yana da hukuncinsa daban. Idan na gaske ne za a ga hatimin 750 ko 18K, ma'ana kashi 75 cikin 100 zinare ne. Wanda aka yi wa ruwan zinare kawai ba shi da abin da maƙeri zai narka. Farashin zinare ya haura dala 3,000 a kan oza a Maris na 2025, ya kuma wuce 4,000 a Oktoba. Oza giram 31.1 ce, saboda haka a kan dala 4,000, agogon da jikinsa da sarƙarsa suka auna giram 100 na karat 18, ban da inji da gilashi, yana ɗauke da zinaren kusan dala 9,600. Wannan shi ne ƙasan farashinsa, kuma duk tayin da ya gaza haka bai cancanci a saurare shi ba. Hatsarin a nan shi ne masu sayen zinare awo kawai suke biya, alhali wasu agogunan sun fi nauyinsu daraja, kuma narkewa ba ta da gyara.

Malamai sun haɗu a kan haramcin ɗaura zinare ga namiji Musulmi, abin da ke sa wasu rabuwa da agogo ba don talauci ba. Zinaren da ke hannun namiji yana shiga lissafin zakka idan ya kai nisabi, kimanin giram 85, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinsa, ya kuma shekara. Cinikin zinare da kuɗi kuma hannu da hannu ake yi, ba a yarda da bashi a cikinsa ba.

Rabuwar da ta fi yawa a gidajen Samaru da Sabon Gari dai ba ta kasuwa ba ce, ta mutuwa ce. A al'ada akan haɗa agogon mamaci da riguna da huluna da takalma a matsayin kayan sawa, a raba wa 'ya'ya maza da ƙanne, ko babban ɗa ya ɗauka don tunawa da uba. Lokacin da agogo bai fi kuɗin babbar riga ba, babu wanda ya damu. Yanzu da zai iya fin motar da ke ƙofar gida, wannan rabo yana cire kaso mai tsoka daga tumunin matar mamaci da rabon 'ya'yansa mata ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. A shari'a agogo dukiyar gado ce kamar fili. "Baba ya ce nawa ne" ba ta wadatar ba: kyauta a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa tun mai bayarwa na da rai da lafiya, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai sauran magada sun amince. Iyalan da ba Musulmi ba, waɗanda Sabon Gari ke da su da yawa, suna bin rubutacciyar wasiyya ko al'adar garinsu, amma buƙatar sanin darajar kayan kafin rabo ɗaya ce.

Hanyar da ke barin agogo a gida ita ce a yi masa kuɗi a wajen wanda ba shi da niyyar sayensa, sannan magajin da ke son sa ya ɗauka a cikin rabonsa, ya cika wa sauran idan ya zarce. Manyan magada na iya yafe nasu idan sun san abin da suke yafewa. Idan akwai maraya a cikinsu, waliyyinsa ba shi da ikon yafe masa ko kwabo, sai a ƙididdige kasonsa daga kuɗin agogon a ajiye masa har ya girma.